Yawan siminti ba ya maye gurbin rodi

Ana yawan cewa in an zuba siminti sosai a dekin, ko an rage rodi ba komai. Maganar tana damuna, ko da yake masu yin ta suna da hujja, domin kankare yana da ƙarfin gaske. Sai dai ƙarfinsa na jure danni ne. In aka ja shi, nan da nan yake tsagewa.

Dubi dekin da ke kan ginshiƙai biyu. Nauyi na sauka, samansa yana matsewa, ƙasansa kuwa yana miƙewa. Rodi ne ke riƙe wannan miƙewar, shi ya sa ake shimfiɗa shi ta ƙasa. A barandar da ta fito waje ba ginshiƙi, ta sama ake sa shi, domin can jan yake.