Hayar "kusa da tashar jirgi" a Abuja: an sayar mana da layin dogo a cikin kuɗin ɗaki

Makon da ya wuce na raka ƙanina neman ɗaki a Kubwa, wani ejan, wato dillalin gidaje, ya zagaya da mu lungu-lungu har muka ƙare a wani ciki da falo wajen Gbazango, ba ruwan famfo, bangon ma duk ya sha danshi. Da ya faɗi kuɗin shekara sai da na ce ya maimaita. Na ce malam me ya kai ɗakin nan wannan kuɗi? Ya ce ai Yallaɓai nan kusa da tashar jirgi ne. Muka taka da ƙafa don mu gani, tafiyar da ya kira kusa ɗin ta ci mana kusan rabin awa a rana tsaka, kuma kafin a fara maganar haya ma mun riga mun biya shi kuɗin ganin gida.

Wannan sabon salo ne da dillalan gidaje suka tsiro da shi tun da aka dawo da jirgin ƙasa na cikin gari, kuma abin na ci min rai sosai. Kowa ya san labarin jirgin nan. Buhari ya buɗe shi a 2018 bayan an narka sama da dala miliyan 800, yawanci bashin China, korona ta zo a 2020 aka ajiye shi yana tsatsa, sai a watan Mayun 2024 Tinubu ya sake buɗewa har aka ce a hau kyauta zuwa ƙarshen shekarar. Dukiyar jama'a ce, bashin kuma 'ya'yanmu ne za su biya. Amma wanda ya fara cin ribarsa shi ne mai gidan da bai sa ko bulo ɗaya a aikin ba, ya wayi gari kawai ya ƙara haya saboda an ajiye tasha a unguwarsu. Ejan ya ɗora kashi 10 nasa, a ce akwai kashi 10 na lauya alhali ba wani lauya da za ka gani da idonka, ga kuɗin koshon, wato ajiyar da ake karɓa ko da za a yi ɓarna a gida, da ba a cika dawo da shi ba, wani ma ya ce sai ka ba da na shekara biyu a dunƙule.

To amma ba ejan ne ya fi ba ni haushi ba. Waɗanda suka fi ɓata min rai su ne masu bayar da shawarar nan daga cikin mota mai AC, wai "in ba ka iya ba ka koma Masaka ko Suleja mana, can haya da arha." Wallahi duk mai faɗin haka bai taɓa tsayuwa a bakin titin Mararaba ƙarfe biyar na asuba yana kokawar shiga mota ba. Arhar da ake magana a takarda kawai take. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, kuɗin mota kuma ya bi ta bai waiwayo ba. Mu ɗauka ma'aikaci yana kashe naira 3,000 kullum zuwa da dawowa, acaba zuwa bakin titi, mota zuwa Berger ko Area 1, sannan wata motar zuwa ofis. Kwana 22 na aiki, 66,000 ke nan a wata. Mafi ƙarancin albashi fa 70,000 ne. A shekara ya zuba kusan 800,000 a kan hanya, kuɗin da in a haya aka faɗa masa zai ce ba zai iya ba, amma da yake kullum ake zare shi kaɗan-kaɗan sai a ce masa yana zaune a gida mai arha. Ba a ma yi maganar awa uku ko huɗu da yake kashewa a cunkoson Nyanya da Kugbo ba, ya fita yara na barci ya dawo suna barci, ga tsoron 'yan wan-cans, ɓarayin da ke ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, in dare ya yi masa a hanya, musamman mata da ke tashi aiki a makare.

Haya da kuɗin mota abu ɗaya ne, aljihu ɗaya suke fita. Masu gidaje sun gane wannan tuni, shi ya sa suke sa wa kusanci da tasha farashi. Hukuma ce har yanzu take yi kamar ba ta gane ba.

Kuma shi jirgin, ina ya bi? Layi ɗaya daga tsakiyar gari ta Idu zuwa filin jirgin sama, ɗaya daga Idu ta Gwagwa da Dei-Dei zuwa Gbazango. Ɓangaren da ya fi kowane cikar ma'aikata, wato Nyanya, Karu, Mararaba har Masaka, ko ƙarfe ɗaya ba a shimfiɗa musu ba. Wanda ma ya samu jirgin, lokutan tashinsa ƙalilan ne a rana, in ya sauke ka a babbar tasha sai ka sake neman mota zuwa Wuse ko Garki, a garin da aka kori 'yan acaba daga tsakiyarsa tun 2006 lokacin El-Rufa'i, aka zo aka kori ƙananan bas-bas ɗin araba, ba tare da an cike gurbinsu da motocin da suka isa ba. Ke nan ɗan haya zai biya tsadar zama kusa da jirgi, kuma bai tsira daga kuɗin mota ba. An yanke shi ta gaba an yanke shi ta baya.

Masu cewa kasuwa ce a bar ta ta daidaita kanta, su gaya mana wace kasuwa ce mai saye ba shi da zaɓi sai dai ya biya ko ya kwana a ofis. Legas tun 2011 take da dokar da ta hana karɓar hayar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ko da ana karya ta, aƙalla akwai abin da mutum zai riƙe ya kai ƙara. A Abuja Sanata Smart Adeyemi ya kawo ƙudirin biyan haya wata-wata a 2022, aka yi ta surutu kwana biyu, shiru kake ji.

Abin da nake so ba wani mai wahala ba ne. Filayen da ke kewaye da tashoshin Idu, Kagini da Wupa kada a raba wa manya su gina estet, a gina gidajen haya masu ɗaki ɗaya da biyu na ƙananan ma'aikata. A sa bas da za su riƙa kwaso mutane daga cikin unguwa zuwa tasha daidai da lokacin jirgi. A ƙayyade wa ejan abin da zai karɓa, a yi musu rajista. Sannan a kai layi Nyanya da Mararaba, ko da sai an zauna da gwamnatin Nasarawa an raba kuɗin.

Ƙanina dai bai karɓi ɗakin ba. Yana nan wajen wani abokinsa a Dutsen Alhaji su uku a ɗaki ɗaya, kullum yana fita kafin a kira sallar asuba, ejan ɗin kuma ya bugo jiya yana cewa in ba mu yi sauri ba wani ya riga ya yi tayi da ƙari.