Mai Keken Guragu da Jirgin Ƙasa: A Auna Tun Kafin a Zuba Siminti

Duk lokacin da aka tayar da maganar farfaɗo da layin dogon Zariya, Funtuwa, Gusau zuwa Ƙauran Namoda, hirar kan tsaya ne kan kuɗi da yawan tarago. Jama'ar Zamfara, ni tambayata ɗaya ce: mai keken guragu zai iya shiga da kansa, ko sai majiya ƙarfi sun ɗauke shi cak kamar buhun gero?

Jirgin cikin gari ya riga ya shigo ƙasar nan. Legas ta fara jigila tsakanin Marina da Mile 2 a 2023, Abuja ma tana da nata, kuma 'yan uwanmu nakasassu masu zuwa neman abinci suna cikin fasinjojin. Ya kamata mu san abin da za mu nema.

Babbar matsala ita ce ratar da ke tsakanin dandamalin da fasinjoji ke tsayawa a tasha da ƙofar tarago. Tayoyin gaba na keken ƙanana ne. Ƙa'idar Amurka ta ce kada faɗin ratar ya wuce kusan santimita 7 da rabi, bambancin tudu kuma kada ya kai santimita 2. In ya wuce haka, tayar gaba ta faɗa ciki, keken ya tsaya cik, mai shi ya kifa ta fuska. Shi ya sa masu taimako ke juya keken su shiga da baya, manyan tayoyi su fara tsallakawa. Tashar da aka gina a kan kwana kuwa ratarta ta fi faɗi, dole a ajiye gadar ƙarfe ta hannu, a kuma kira tashar da fasinja zai sauka a tanadi wata. Nan ne aka fi sakaci: an hau da mutum, babu mai saukar da shi, jirgi ya wuce da shi.

Sai gangara. Duk tudun santimita 1 yana buƙatar tsawon santimita 12. Matakala mai santimita 30 kenan tana cin mita 3.6. Abin da magina ke liƙawa a gefen bene, gajere mai tsayuwa, wallahi tarko ne, don keke na iya kifewa ta baya. Ya kamata faɗin ƙofar karɓar tikiti ya kai santimita 90, a kuma bar filin juyawa na santimita 150. Lif, wato na'urar hawa bene, yana da kyau, amma ranar da aka ɗauke wuta tashar ta rufe ke nan ga gurgu, saboda haka a wurinmu gangara ta fi aminci.

A cikin tarago a ware wa mai keke wuri kusa da ƙofa, aƙalla faɗin santimita 76 da tsawon 122, ya danne birki, ya jingina bayansa ta inda jirgi ya dosa, don in an taka birki kada ya zame.

Ga abin da injiniyan da bai san Arewa ba zai manta: da yawa daga cikin guragunmu na Gusau, Talatar Mafara da Birnin Kebbi keke mai taya uku suke tuƙawa da hannu, wanda ya fi na asibiti tsawo sosai. Wancan ma'aunin ba zai ɗauke shi ba, ƙaramin lif ma haka. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin kuma ya cika. Ƙungiyoyin nakasassu su nemi ganin zanen kowace tasha, su je da irin wannan keken a auna tsawonsa da faɗin juyawarsa a gaban 'yan kwangila.