Matasa, ku dubi yadda Irro ya ɗauki faɗuwar zaɓe

'Yan uwana matasa masu sha'awar siyasa, musamman ku da aka kayar a zaɓen fid da gwani kuka yi fushi kuka sauya sheƙa, ku zo mu leƙa Somaliland, yankin da ya ɓalle daga Somaliya a 1991. Akwai wani dattijo a can, Abdirahman Muhammad Abdullahi, an fi saninsa da Irro.

A 2005 ya shiga majalisar wakilai ƙarƙashin jam'iyyar UCID, aka ba shi kakaki, ya riƙe kujerar shekara 12. A 2012 ya kafa jam'iyyar Waddani. Kafa jam'iyya a can ba buga fosta da kama hayar ofis ba ne. Doka ta yarda da jam'iyyu uku kacal, kuma a lokacin sai ƙungiya ta shiga zaɓen ƙananan hukumomi ta fito cikin ukun farko kafin a kira ta jam'iyya. Dole aka bi gari gari ana neman kansiloli, Waddani ta tsallake.

A 2017 ya ajiye kakaki ya nemi shugabancin ƙasa, Muse Bihi na jam'iyyar Kulmiye ya kayar da shi. Ya ce an yi maguɗi, magoya bayansa suka fito titi, ƙura ta tashi. Bayan 'yan kwanaki ya karɓi sakamakon don ƙasa ta zauna lafiya. Nan nake so ku tsaya. Mutum yana ganin an zalunce shi, ga matasa a bayansa suna jiran ya ce kule su ce cas, amma ya ƙi. Bai kuma kwashi jama'arsa ya kai wa mai mulki don a sam masa minista ba. Mu fa? Ran da aka faɗi sakamako muke fara neman lambar wanda ya ci.

Ba waliyyi nake mai da shi ba. Siyasar can ma ƙabila na taka rawa sosai, kuma a zanga-zangar 2022 kan jinkirta zaɓe an rasa rayuka.

Amma jam'iyyar Waddani ta tsaya da ƙafarta. A 2021 ta ci kujeru 31 cikin 82 na majalisar wakilai, fiye da kowace jam'iyya. A Nuwamban 2024 Irro ya kayar da Bihi da kusan kashi 64 cikin 100, aka rantsar da shi a Disamba yana da shekara 69.