Jirgin mishan na katako: a bar shi cikin ruwa yana aiki

A gaɓar British Columbia, yammacin Kanada, an yi zamanin da in gungume ya karya mai saran itace, sai ya jira jirgin fasinja ya kai shi Vancouver, wani ma a hanya yake cikawa. Abin da ya sa Rabaran John Antle na cocin Angalika ya kafa Columbia Coast Mission ke nan, ƙungiyar mishan mai kai likita da jirgin ruwa. A 1905 jirginsu na farko, Columbia, ya shiga ruwa da likita a ciki, aka buɗe asibiti a Rock Bay. Na Alert Bay ya biyo a 1909. Asibitin St. Mary's na Garden Bay, a Pender Harbour, ya fara karɓar marasa lafiya a 1930, har 1964 da aka koma sabon gini a Sechelt, tsohon kuwa ya zama masaukin baƙi.

Columbia III, wani jirgin katako na mishan ɗin mai tsawon ƙafa 68, da aka ƙera a 1956, daga baya masu yawon buɗe ido ya koma ɗauka. A ganina wannan aikin ne ya cece shi, kuma ban yarda da ra'ayin a ɗora irin wannan jirgi a tudu don kallo ba.

Katakon jirgi da ruwa yake kumbura ya matse. Fitar da shi ka bar shi wata da watanni, allunan su bushe su tsuke, audugar da aka cusa a tsakaninsu ta saki, ranar da ka mayar da shi ya sha ruwa kamar kwando. Ruwan sama kuma ya fi na teku ɓarna. Gishiri yana rage ruɓa, amma ruwan sama da ya tsiyayo ta tsagar daɓen sama ko gefen taga yakan kwanta a kan haƙarƙarin jirgin, inda iska ba ta kai. Da damshin katako ya wuce kashi 20 cikin ɗari, ruɓa ta samu gida. Shi ya sa kafinta ke bi da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasa: lafiyayyen katako yana amsawa tsaf, ruɓaɓɓe sai ka ji dum.

A ƙasa kuwa tsutsar teku ce, gara ta cikin ruwa. Ƙofarta kamar bakin allura, ciki duk rami. Maganinta a ɗaga jirgi kwanaki kaɗan duk shekara, a kankare, a shafa fenti mai jan ƙarfe, a canja dunƙulen tutiya da ke kare farfela, a zaro ƙusa ɗaya biyu a duba tsatsa.

Duk wannan kuɗi ne, kuma jirgin da ke ɗaukar fasinja shi ke samo su. Tsohon ginin asibitin St. Mary's ma haka: muddin akwai mai kwana a ciki, ranar da rufi ya fara yoyo ko indararo ya toshe, washegari za a kira mai gyara.