Baƙon da ba ya wuce zaure

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Jiya bayan la'asar muka yi cacar baki da wani mai keke a kan canjin naira ɗari. Na sauka hannuna na rawa, zuciyata na dukan uku-uku, yawun bakina ya ƙafe. Naira ɗari fa! Astagfirullah.

Abin da ya jijjiga ni haka sunansa adrenalin, sinadarin da wasu 'yan tsokoki biyu da ke zaune a saman ƙoda ke kwararawa cikin jini idan mutum ya fusata ko ya firgita. Abin mamakin shi ne, ba ya shiga cikin ƙwayar halittar jiki. Kamar baƙon kirki ne, a zaure yake tsayawa. Zauren kuwa wani furotin ne da ake kira beta-2: ku ɗauka carbi ne mai 'ya'ya 413, an lanƙwasa shi ya ratsa bangon ƙwayar sau bakwai, shiga da fita, tamkar ɗinkin hannu. Ta waje ya bar ɗan gurbi daidai zaman adrenalin. Da baƙo ya zauna, sai zare na shida cikin bakwai ɗin ya karkata, wani furotin da ke ciki, wato G, ya karɓi saƙo ya ruga da shi cikin gida. Nan take hanyoyin numfashi su buɗe, hanta ta saki sukari. Maganin shaƙa na masu asma ma wannan zauren yake yi wa sallama.

Brian Kobilka na Jami'ar Stanford a Amurka ya yi shekaru yana fafutuka kafin a ga siffar wannan zauren a 2007, kuma a 2012 shi da Robert Lefkowitz suka karɓi kyautar Nobel. Sun gano ne kawai. Ba su ƙera ko ɗan carbi ɗaya ba. Allah Yana cewa a Suratuz Zariyat: "Kuma a cikin kawunanku, shin ba ku gani?"

Ga inda na ji kunya. Adrenalin ba ya daɗewa, cikin mintuna kaɗan jiki ke narkar da shi. To me ya sa har isha'i ina huci? Ni ne na yi ta maimaita maganar a raina, ina ƙara aiko baƙon da ya riga ya yi sallama ya tafi.

Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. Ya kuma koya mana neman tsari daga Shaiɗan. Ko ɗaya ban yi ba jiya. Da na zauna a bencin mai shayin da ke gefe na ja bakina, da ban ambaci iyayen bawan Allah ba.

Yau da safe na koma tashar na tarar da shi yana goge gilashi. Na ce, "Malam, ka yafe mini na jiya." Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Haba Alhaji, wane jiya?"