Yalon da Akuya Ta Ƙi Ci

Da damina ta faɗi, na sa mai kura ya kawo mini takin bola na zuba a ɗan filin bayan gida, na shuka alayyahu da kuɓewa. Alayyahun ya fito a wahale, kuɓewar tana jan ƙafa, amma can jikin katanga wani tsiro da ban shuka ba ya taso da ƙarfinsa, ganye fala-fala, kara mai kauri. Na ce yalo ne, tsuntsu daga sama gasasshe.

Uwargida ta ce gauta ce. Maƙwabcina, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba amma ya san komai, ya murza ganyen, ya shinshina, ya yamutsa fuska don wari, ya ce taba ce. Na ɗauki hoto na tambayi waya, ta ba ni wani dogon suna na Latin, ta ce asalinsa daga Meziko. Shi ke nan, yalona ɗan ƙasar waje ne. Na ƙara masa taki, na yi masa ɗan shinge.

Wata rana akuyar maƙwabta ta shigo ta share alayyahun tas. Da ta zo kansa sai ta shinshina, ta yi atishawa, ta juya abinta. Na ce da Uwargida, "Kin ga iri mai kyau, har kwarjini gare shi."

Sai fure. Fari sol, dogo kamar kakaki, ba ya buɗewa sai da magariba, ƙamshi ya cika tsakar gida. Bayansa 'ya'ya suka fito, kore, kewayayyu, jikinsu duk ƙaya. Yalo da ƙaya? Na ce wataƙila haka na Meziko yake.

A lokacin ne samarin da ke zama a kangon bayan layinmu, waɗanda ko sallama ba sa amsawa, suka fara durƙusa mini. "Yallaɓai, barka da hutawa. Ko akwai ciyawar da za a nome? Wallahi ba sai ka biya ba." Har na ba abokaina labari a majalisa cewa yaran unguwa sun shiryu.

Gwaggo ce ta zo daga ƙauye ganin jikoki. Ta zagaya baya za ta yi alwala, sai muka ji salati.

"Kai ɗan nan! Wa ya shuka haukata-yaro a gidan da ke da yara?"

"Gwaggo, yalo ne."

"Yalon gidanku! Zaƙami ne!"

Nan ta zaunar da ni. 'Ya'yansa ne 'yan iska ke jiƙawa su zuba a kunun zaƙi ko zoɓo a wajen biki. Wanda ya sha, maƙogwaro ya bushe, ido ya buɗe wangalau, ya kama hira da bango, wani ya tuɓe riga ya shiga gari, wani kuma sai dai gawa. Danginsu ɗaya da gauta da taba, shi ya sa ganyen ya ruɗe mu. Uwargida da maƙwabcina har yanzu kowa na cewa shi ya fi kusa.

Gwaggo ta tsaya a kaina na sa leda a hannu na tumɓuke shi, na tsince 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, na cinna wuta, tana ta ihun in matsa daga hayaƙin.

Washegari na gamu da ɗaya daga samarin a bakin shago, na yi masa sallama. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Alhaji, ai da ka yi shawara."