Kun ga abin da wani mutum ya yi wa tsohuwar bindigar nan?

Tun jiya raina a ɓace yake, kuma duk wanda ya ga bidiyon nan ya san dalili. A bidiyon, wani mutum ne ya samu bindigar Apache ta asali, ƙirar Louis Dolne na birnin Liyej a Beljiyam, abin da ya haura shekara 100 a duniya, ya bi ta da giranda da samfefa har ta koma tana sheƙi kamar sabon cokali. Sannan ya ɗaga ta gaban kyamara yana murna wai ya gyara ta. Wallahi bai gyara komai ba. Ya kashe ta.

Ku dubi abin da ke hannunsa tukuna. Makami uku ne a jiki ɗaya: ƙaramar bindiga mai juyi wadda ko dogon baki ba ta da shi, ƙarfen da ake zura yatsu a ciki don naushi wanda shi ne kuma mariƙinta, sai 'yar wuƙa mai naɗewa a gaba. In an naɗe ta gaba ɗaya, aljihu take shiga. Sunan Apache ma daga 'yan dabar birnin Faris na farkon shekarun 1900 ta samo shi. A jikin irin waɗannan bindigogi akwai sunan maƙerin, akwai kuma tambarin gidan gwajin bindigogi na Liyej, haruffa uku, ELG, cikin da'ira. Daga 1893 aka ƙara kambi a saman tambarin. Wato da wannan ɗan zanen da bai kai ƙwayar gero biyu ba masani zai gane ko kafin 1893 aka gwada ta ko bayan nan. To giranda ta cinye shi. Yanzu da me za a bambanta ta da jabun da ake ƙerawa don 'yan yawon buɗe ido?

Na ga masu cewa ai kayansa ne, da kuɗinsa ya saya. Na ji. Wanda ya sayi tsohon littafin hannu na kakanni ma da kuɗinsa ya saya, sai mu tafa masa idan ya wanke tawadar da ruwa? Wasu kuma suna cewa ai tsatsa cin ƙarfe take yi. Jar tsatsa mai ci daban, wannan ɗan mai da tsumma mai laushi sun ishe ta. Duhun da tagulla ke yi saboda shekaru kuwa ba cuta ba ne, shaidar shekarun ne, kuma shi masu tara kayan nan suke nema. Ba a kankare shi. Ba a kankare shi, jama'a!

Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne masu cewa dama makaman nan masu haɗe bindiga da wuƙa shirme ne, ba su yi kyau a bindiga ba, ba su yi kyau a wuƙa ba. Wa ya ce musu don harbi ake ajiye su? Gaskiya ne wuƙa na ƙara wa bindiga nauyi ta ɓata saiti. Amma ku tuna zamanin da aka fara haɗa su. Bindiga harbi ɗaya take yi, kafin ka sake ɗura albarushi abokin gaba ya iso kanka. Dole maƙeri ya nema wa mai ita mafita. Shi ya sa mafarautan Jamus suke riƙe takobi mai ƙaramar bindiga a gindi saboda aladen daji da ya ji rauni. Shi ya sa rundunar ruwan Amurka ta sayi 150 na bindigar George Elgin mai faffaɗar wuƙa kamar adda, don tafiyar binciken teku da Charles Wilkes ya jagoranta daga 1838. Sarkin Ingila Henry na 8 ma yana da kulki mai ƙayoyin ƙarfe da bakunan bindiga uku a kansa, yana nan a ajiye a gidan adana makaman masarautar Ingila. Kowane ɗaya daga cikinsu yana nuna tsoron mutanen wancan lokaci da dabarar da suka yi masa. Ina son su saboda wannan, kuma ciwo nake ji a raina idan na ga an goge su kamar tukunyar amarya.

Abin ma ya tuna mini da wani takobi da na gani a hannun wani yaro ɗan jari bola, kubensa na jar fata duk ya bushe ya tsattsage. Na tambaye shi inda ya samo, ya ce gidan wani tsoho da ya rasu ne ake share ɗaki aka haɗa masa da tsofaffin kwanuka. A kan sikeli aka auna shi. Na ce ya sayar mini, ya ce ya riga ya yi alkawari da wani maƙeri da zai sare shi ya fitar da wuƙaƙen fawa guda uku.